Shirin Zama Manaja da Ɗaukar Sababbin Ma'aikata

Jawabin da Malamin Watsa Labarai ya yi wa hakimai da malamansu na ƙasar Funtuwa da Malumfashi

 

An umurce ni in yi magana yau a kan yadda mutum zai shirya kansa kafin a danƙa masa shugabancin wani wurin aiki, watau ya zama manaja, da kuma yadda zai ɗauki waɗanda za su yi aiki a ƙarƙashinsa. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan hakimi da wannan zance, tun da ya ke ba shi ke ɗaukar ma'aikata ba? Gaskiya ne, tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka rushe tsarin En'e, ɗaukar ma'aikata ya bar hannun sarakuna. Amma akwai abu guda da bai bar hannunsu ba, shi ne shaida. Har gobe yaron da ke neman aiki a injin gurzar auduga, ko a siton taki, ko a ƙungiyar manoma, ya kan fara da ƙofar mai unguwa, ya wuce wurin dagaci, ya ƙare a zauren hakimi, malami ya rubuta, a buga hatimi. Manajan da zai karɓi takardar nan kuwa sau da yawa ɗan ƙasarku ne, wanda ubansa ke faɗuwa ya yi gaisuwa a gabanku. Da wuya ya sami ƙarfin zuciyar da zai ga hatiminku ya kau da kai. Saboda haka gyaruwar aikinsa ko lalacewarsa, alƙalamin malamanku yana da rabo a ciki, ko an sani ko ba a sani ba.

Aikin albashi ba tsohon abu ba ne a ƙasar nan. A da, wanda ke yi wa babba aiki bara ne ko yaron gida: a ci da shi, a tufasar da shi, a yi masa aure, in an samu ya samu. Jakada kuwa ya kan cire rabonsa daga abin da ya tattaro. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka kafa Baitulmali a Katsina, kuma daga nan sauran ƙasashen Arewa suka ɗauki misali. Manufar Baitulmali ita ce kuɗin jama'a su taru wuri guda, a rubuta shigarsu da fitarsu, kowane ma'aikaci kuma a yanka masa albashi sananne. Nan ne aka fara raba aiki da barantaka. Bara yana bin mutum ne, in ubangidansa ya faɗi shi ma ya faɗi. Ma'aikaci kuwa aiki ya ke bi, ko wa aka kawo ya shugabance shi. Yawancin rigimar da za mu ambata a yau ta taso ne daga inda aka ɗauki mutum da sunan ma'aikaci alhali a zuciyarsa bara ne na wanda ya kawo shi.

Sa'an nan auduga ta zo da nata irin ma'aikatan. Layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Funtuwa ta zama babbar tasha. Kamfanin BCGA na Ingila ya kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka yi gonar iri a Daudawa, angurya kuma ta hannun hakimai da dagatai a ke rarraba ta. A kasuwar kaɗa akwai mai duba kyawun auduga, akwai malamin sikeli, akwai mai biya. Babban da ke kansu kuwa Bature ne. Da aka doshi mulkin kai sai tambaya ta taso, wa zai riƙe kujerun nan? A watan Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Balewa ya tashi a Majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a bincika tsarin En'e a gyara shi, abin da ya share fagen Dokar En'e ta 1954. Makarantar koyon aikin akawu da aka buɗe a Zariya a 1947 ita ce ta zama babbar makarantar horon ma'aikata ta Kongo, inda ma'ajin En'e da malamai, har da hakimai, suka riƙa zuwa kwas. Gwamnatin Sardauna, wanda ya riƙe Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966, ta dage a kan 'yan Arewa su riƙe aikin Arewa. Inda aka ajiye ɗan ƙasa kusa da mai riƙe da aikin ya koya kafin a bar masa, an ga amfani. Inda aka yi gaggawa kuwa, an sha wuya.

Mu da ke wannan yanki muna da misali na kusa. A 1975 aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ya haɗa ƙasashen hakimai biyar, watau Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Faskari da Ƙanƙara, ya ci gaba har 1980. An yi hanyoyin karkara, an gina wuraren sayar da taki da iri kusa da manoma, masara ta bazu har ta zama amfanin gona na sayarwa, ko da ya ke auduga, wadda aka fi sa wa rai, ba ta yi abin da aka zata ba. Manyan kujerun shirin baƙi ne daga ƙasashen waje suka riƙe. Daga cikin abin da masu nazari suka soki irin waɗannan shirye-shirye da shi akwai cewa ba a yi wa magada isasshen horo ba, kuma amfanin ya fi karkata ga manyan manoma. Gini da mota da famfo kuɗi ke kawo su cikin shekara guda. Mutumin da zai riƙe su kuwa sai an yi renonsa.

Haka kuma Hukumar Auduga ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1977 da babban ofishinta a nan Funtuwa, an rushe ta a 1986 tare da sauran hukumomin ciniki. Tun daga nan ciniki ya koma hannun kamfanoni da 'yan kasuwa, aka yi ta kukan auduga mai ruwa da yashi, domin babu mai tsayawa ya duba kamar da. A yau ga injinan gurza da na casar shinkafa, ga sito-sito na masara da waken soya a Funtuwa da Bakori da Dandume, ga ƙungiyoyin manoma, ga kuma tashar tsandauri da aka buɗe a Funtuwa a 2024. Kowane ɗaya yana bukatar manaja. Abin da a da doka da mai dubawa ke tsarewa, yanzu ya rataya a wuyan manajan nan da yaran da ya ɗauka. Talakan da ya kai buhunsa sikeli ba shi da wani mai tsaron haƙƙinsa a wurin sai su.

Kafin a hau kujera

Wanda ya ke sa ran zama manaja, tun yana ƙaramin ma'aikaci zai fara shiri, ba ranar da takardar ƙarin girma ta iso ba. Abu na farko shi ne ya san aikin da hannunsa. Ya zauna a bakin sikeli kaka guda cur. Ya riƙe littafin sito. Ya hau bayan mota ya raka kaya har inda za a sauke, ya ga inda buhu ke ɓacewa a hanya. Wanda bai taɓa yin awo ba, malamin sikeli zai cuce shi yana kallo, har ya yi masa godiya.

A dubi lissafin. A ce malamin sikeli yana rage kilo 1 kacal a kowane buhu. Manomi ba zai gane ba, domin kilo 1 cikin 100 ido ba ya kama shi. In aka auna buhu 300 ran kasuwa, kilo 300 ke nan, watau buhu 3 cikakku. In aka ci kasuwa 20 a kaka, buhu 60 sun tafi. Ko dai daga aljihun talaka suka fita, ko daga na mai wurin, gwargwadon inda malamin ya karkata. Maganin wannan ba shi da tsada. Manaja ya ajiye wani ƙarfe da ya san nauyinsa daidai, kowace safiya a ɗora shi a kan sikeli a gaban mutane kafin a fara awo, wani lokaci kuma da tsakar rana ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Amma wanda bai zauna wurin ba, ba zai ma san ana bukatar haka ba.

Sai sanin lokaci. Aikin ƙasarmu damina da kaka ke juya shi. Takin da ya iso sito bayan masara ta yi bunu, ko da an ce an kawo, ba a kawo ba. Manaja ya kan yi lissafinsa ne da baya-baya: in ana son taki a hannun manomi farkon damina, yaushe za a yi oda, yaushe mota za ta tashi, wace hanya ce ruwa ke yankewa? Haka in kaka ta zo, kuɗin saye da buhuna da leburori su riga kaya zuwa. Abin da bai sani ba na iri ko maganin ƙwari, kada kunya ta hana shi tambaya. Ga malaman gona na hukumar KTARDA, ga kuma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, ba nisa.

Ranar karɓar aiki ita ce rana mafi hatsari a gare shi, mutane kuwa sun fi ɗaukarta ranar murna. Wanda zai sauka yana gaggawa, abokai sun taru suna taya murna, sai a miƙo takarda a ce sa hannu, sito yana da buhu kaza, akwati yana da naira kaza. To, kada ya sa. Ya ce a ƙirga. A sauke jerin buhuna har na can ƙurya, domin a kan tsara na gaba da kyau a bar rami a tsakiya. A soka wasu a ga ko ƙwari sun ci, ko danshi ya kama. A ƙirga kuɗi, in an sami 'yan takardu a cikin akwati waɗanda aka rubuta wane ya ranci kaza, a jera su dabam, kada a lasafta su kuɗi. Ko kwana uku ƙirgar za ta ci, a yi, da shaidu biyu. Daga sa'ar da ya sa hannu, duk gibin da ke ciki nasa ne, mai binciken kuɗi kuma ba zai tambayi wanda ya tafi ba. Wanda zai sauka in mai gaskiya ne, shi ma ƙirgar nan wanke shi ta ke yi.

Daga nan ya raba aljihunsa da akwatin aiki, rabuwa ta har abada. Yawancin waɗanda suka faɗi ba da niyyar sata suka fara ba. Suna ne ya taso, ko rashin lafiya, aka ce a ara a mayar ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo da tasa bukatar. Kuma da zarar yaransa sun ga ya ara sau ɗaya, ba shi da sauran bakin hana su.

Akwai wani abu da makaranta ba ta koyarwa, shi ne zama da waɗanda jiya tare a ke cin abinci a kwano guda, yau kuwa shi ke rubuta wanda ya makara. Wasu za su gwada shi da wasa, wasu su yi fushi don sun riga shi shiga aiki. Cikinsu ma akwai sa'annin ubansa, kamar tsohon direba ko helman leburori. A ganina kuskure biyu a ke yi a nan. Wani ya ɗaure fuska ya daina amsa gaisuwa don a san ya hau, wani kuma ya bar komai yadda ya ke don kada a ce ya canza. Abin da ya fi shi ne ya riƙa gaida dattijo da girmansa, ya kira shi Baba kamar yadda ya saba, amma littafin zuwa aiki ya zama ɗaya ga kowa. In zai yi faɗa ya kira mutum ofis su biyu. Bahaushe ya kan jure a rage masa kuɗi, ba ya jure a ci masa mutunci a gaban yaransa. Kuma tun shekarar farko ya fara koya wa wani aikinsa, ya bar masa maɓalli in zai yi tafiya. Manajan da ke ɓoye sani don kada a maye gurbinsa, shi ne wanda ba a iya ɗagawa gaba, tun da babu wanda za a bar wa wurin.

Ɗaukar ma'aikata

Kafin a nemi mutum, a tabbata akwai aikin. Wannan kamar ba ya bukatar faɗi, amma sau da yawa mutum a ke fara samu, sa'an nan a ƙirƙiro masa abin yi. Aikin loda da sauke kaya na wata uku ne ko huɗu, jinga ta fi dacewa da shi. In aka ɗauki mutum goma na dindindin saboda hayaniyar kaka, da bazara za su zauna a gindin bishiya ana biyansu, har wurin ya kasa biyan kowa. In an tabbata ana bukata, manaja ya ɗauki takarda ya rubuta aikin tun bai san wanda zai samu ba: me zai riƙa yi daga safe zuwa yamma, wa zai ba shi umurni, me ya wajaba ya iya, nawa ne albashi. Takardar nan ita ce garkuwarsa. In babba ya aiko da yaro, ba sai ya ce ba na so ba, sai ya ce ga abin da aikin ke nema, a zo a gwada tare da saura.

A yi shela a fili. A manna a ƙofar wurin aiki da ƙofar hakimi, a faɗa a masallaci da kasuwa, a ba da kwanaki isassu don na ƙauye ya ji. Aikin da aka ɗauka a ɓoye, ko wanda ya cancanta aka ba, jama'a za su ce saya ya yi.

Sa'an nan gwaji. Takardar makaranta tana da daraja, a duba ta, a kuma tabbata ta mai ita ce, amma sai an gwada a kan san na ƙwarai. Mai neman aikin sikeli a ba shi buhu 10 ya auna ya rubuta, ya haɗa jimla ba tare da waya a hannunsa ba. Mai neman aikin sito a ba shi shafin littafi wanda aka sa kuskure a ciki da gangan, a ga ko zai gano. Direba ya ja mota da baya ya shiga ƙofar sito, ya kuma nuna inda a ke duba mai da ruwa. Bakanike a kai shi gaban inji. Rabin sa'a ta irin wannan ta fi yini guda na tambayoyi, domin mai zaƙin baki ya kan ci ganawa, mai kunya kuwa ya faɗi, alhali sito ba ya bukatar baki.

Kada manaja ya zauna shi kaɗai. Su zama uku, kowa ya rubuta makinsa dabam kafin su yi shawara, tambayar da aka yi wa na farko ita za a yi wa na ƙarshe. In ɗan'uwan ɗayansu ya shigo, ya tashi ya fita har a gama da shi. Ba a ce ɗan'uwa ba ya cancanta ba. Amma a tuna, wanda ba ka iya kora, ba ka iya sa shi aiki. Malamin sikeli da mai biyan kuɗi kuwa kada su fito gida ɗaya, ko da dukansu mutanen kirki ne, domin an raba ayyukan nan biyu ne don kowa ya zama ido a kan ɗan'uwansa. A kuma nemi wanda mutumin ya yi wa aiki a da, a tambaye shi baki da baki, in ya dawo za ka sake ɗaukarsa? Yadda ya yi jinkiri kafin ya amsa ya isa bayani.

Funtuwa gari ne da jirgi da auduga suka tara wa mutane daga ko'ina, har akwai waɗanda kakanninsu suka zo daga Kudu, su kuwa nan aka haife su. In aikin na gyaran inji ne, wanda ya iya shi za a ba, sa'an nan a haɗa shi da yaran gari biyu su koya. Haka mata. Akwai gidajen da namiji ba ya shiga, alhali a cikinsu a ke ajiyar hatsi da kiwo da sarrafa waken soya. Ƙungiyar da ba ta da malama ko ɗaya ta bar rabin cinikinta a bayan katanga.

Maigadi shi ne wanda a ke ɗauka da ƙaramin bincike, shi ne kuwa ya fi kowa sanin abin da ke cikin sito da sa'ar da mota ke tashi. Ba sai na tuna wa iyayen ƙasa halin da yammacin yankin nan ya shiga na ɓarayin daji ba, da yadda a ke kukan masu kai musu labari daga cikin gari. A nan ne shaidar mai unguwa ta fi kowace takarda. A san gidansa, a san wanda ya tsaya masa, a rubuta lambarsa ta ɗan ƙasa.

Doka kuma tana da nata sharuɗɗa, da yawa daga sababbin manajoji ba su san su ba sai an kai su ƙara. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda ta shafi leburori da akawuna, ta ce kafin wata 3 su cika da fara aiki lalle a ba ma'aikaci takarda mai bayyana sunan mai aikin, da irin aikin, da albashi da lokacin biyansa, da sa'o'in aiki, da hutu, da wa'adin sallama. Albashi kada ya wuce wata guda ba a biya ba. Wanda ya cika wata 12 yana da hutun kwana 6 na aiki, da albashinsa. In za a rabu, wanda ya yi wata 3 ko ƙasa da haka wa'adinsa kwana 1 ne. Wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Shekara 5 ko fiye, wata 1. Ba a yarda manaja ya ci ma'aikaci tara yadda ya ga dama ba, kuma yaron da bai kai shekara 15 ba ba a sa shi aikin masana'anta, irin su injin gurza. Albashi mafi ƙanƙanta kuwa dokar 2024 ta kai shi naira 70,000 a wata, ko da ya ke ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da aikin gona na lokaci-lokaci. Wanda aka ɗauka a faɗa masa tun ran fari cewa watannin farko na gwaji ne, a rubuta, a kuma haɗa shi da wanda zai nuna masa aiki. Ba adalci ba ne a jefa yaro sito ba bayani, bayan wata uku a ce bai iya ba.

Takardar hakimi

Na dawo ga abin da ya fi shafar wannan zama, ina neman afuwa in harshena ya yi tsawo a gaban manya. Takarda iri biyu ce ke fita daga zauren hakimi. Akwai ta shaida, mai cewa na san wane ɗan wane, na unguwa kaza, ba a taɓa kawo ƙararsa gabana a kan sata ko rikici ba. Akwai kuma ta alfarma, mai cewa ga yarona nan, a ba shi aiki. Ta farko taimako ce ga manaja, domin ta gaya masa abin da gwaji ba ya nunawa, watau hali da asali. Ta biyu kuwa ɗaure masa hannu ta ke yi. In ya ƙi, ya ji tsoron ya ɓata da uban ƙasa. In ya karɓa, ya sami ma'aikacin da ya san ba manaja ya ɗauke shi ba, saboda haka ba manaja zai kore shi ba. Ran da aka kama yaron nan da rage awo, ba sunan ubansa za a kira a kasuwa ba, cewa za a yi yaron hakimi ne.

Na san nauyin da ke kanku. Samari sun yi yawa, aiki ya yi kaɗan, uba ya zo ya durƙusa, ba a iya korarsa hannu wofi. Amma gurbi ɗaya ne, masu nema hamsin, dukansu kuwa talakawanku ne. In aka tura ɗaya da alfarma, an juya wa 49 baya, cikinsu har da marayan da ba shi da mai kawo shi zaure. Abin da hakimi zai iya yi wa dukansu shi ne ya nemi a yi shela a ƙasarsa, a yi gwaji a fili, in ya so ya aiko wakili ya zauna ya gani da idonsa. In Sarkin Maska a Funtuwa, da Galadima a Malumfashi, da Makama a Bakori, da sauran 'yan'uwansu hakimai suka tsaya a kan magana ɗaya, ɗan siyasa ko attajirin da ya zo da tasa takardar zai tarar manaja yana da inda zai jingina.

Ku kuma malamai, alƙalami a hannunku ya ke. Roƙona gare ku shi ne kada ku rubuta abin da ba a sani ba. In mai unguwa bai zo da kansa ko ya aiko da hatiminsa ba, a dakata. Kada a rubuta wane ya iya lissafi ko ya iya tuƙi, wannan aikin mai gwaji ne. A tsaya a kan suna, da sunan uba, da unguwa, da tsawon zamansa a ƙasar, da abin da aka sani na halinsa. Kada a ba da takarda mai hatimi wadda aka bar gurbin suna a buɗe, ko wa ya aiko a karɓa. Kada kuma a karɓi goro a kanta fiye da abin da hukuma ta yanka, in ta yanka, domin yaron da ya sayi takarda ya riga ya koyi cewa aikin ma na sayarwa ne, zai kuwa nemi inda zai fanshe. Kowace takarda a ba ta lamba da kwanan wata, a shigar da ita littafi tare da sunan mai unguwar da ya yi shaida da wurin da za a kai ta, a ajiye kwafi. In manaja ya aiko yana tambaya ko takarda mai lamba kaza daga zaurenku ta fito, a duba littafi a ba shi amsa a ranar, tun bai rufe ɗaukar ma'aikatansa ba.

Ranku ya daɗe, iyakar abin da aka umurce ni in kawo ke nan. In akwai tambaya daga wajen malamai a kan tsarin littafin nan, ina nan har a tashi.